Ranar da Tudu Ya Zafto a Wuyan Raƙumi

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya sa can ta fi nan. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba za ka karanta ta ba, tun da kai ka ce boko sana'ar ragwaye ce, ranar da ka ji na shiga ajin yaƙi da jahilci har da takalmi ka jefe ni. To ga shi yau bokon ya yi mini rana. Abin da ban taɓa iya tsayawa gabanka in faɗa ba, alƙalami ba ya jin tsoron faɗinsa.

Mutanen Nahuce suna lafiya. Inna ta rame, amma ta koma yin daddawarta. Matata Hajara ta sauka cikin bazara, an samu ɗiya mace, goshinta irin naka sak, idan tana kuka har jijiyar nan takan taso. Geron gonar tudu ya yi kyau bana, gyaɗar ce dai ruwa ya yi wa yawa. Jakinka ya mutu, ba ciwon komai, tsufa ne.

Ni kuwa ina nan Wuyan Raƙumi, inda ka bar ni. Ni aka ba helumancinka. Leburorin hanya da ka shugabanta yanzu ni suke kallo, har da waɗanda suka girme ni. Wurin yana nan yadda ka san shi, inda hanyar Gusau zuwa Tsafe ta lanƙwasa aka yanka ta cikin cikin tudu: hannun hagu bangon jan marmara wanda ya fi kuka tsawo, hannun dama kwari. Kowace safiya ina hawa yadda kake hawa. In bi bakin gangaren ina caka sandar ƙarfe in ji inda ƙasa ta yi laushi. In duba lambatun sama, wanda ke tare ruwan tudu ya kai shi gefe don kada ya jiƙa bangon. Inda duk na ga tsaga, in kafa turke nan in kafa can, in gitta kara a tsakani. In na dawo na tarar karan ya faɗi, na san ƙasa tana buɗe baki. Duk kai ka koya mini.

Amma ka tuna yadda ka koya mini?

Kunnena na hagu har yau ba ya ji sosai, Baba. Ganyen marke ne na bari ya toshe lambatu, ka ɗauke ni da marin da sai da na ga wuta da rana tsaka. Lokacin na riga na yi aure. A gaban mutane ka yi mini, a gaban masu kirana Malam Garba. Ka san sunan da leburori suke kiranka in ka ba da baya? Barkono. Ni ma na kira ka da shi, ba sau ɗaya ba. Dorinarka ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Wanda ya zubar da kwanon ƙasa inda ba a ce ba ya sha ta, wanda ya zauna hutawa a gindin bango ya sha ta ninki. Kakan ce tudu ba ya yi wa kowa gargaɗi sau biyu, don me kai za ka yi? Ni kuwa a raina ina cewa ai tudu bai haife ni ba.

Ka tuna Buba, Bafulatanin da ya kafa ruga bayan tudun a farkon daminar bara? Burtalinsu manoma sun cinye shi, ba shi da hanyar kai shanu rafi sai ta saman gangaren. Kofato ya tattake bakin lambatun. Ka hau ka same shi, ba sallama, ka kai masa ƙotar diga a kafaɗa. Shi ma ba rago ba ne, ya juyo da sandarsa ya sauke maka a baki, haƙoranka na gaba suka zube a ciyawa. Kuka kama kokawa a bakin gangaren nan, jini ya wanke rigunanku, shanu suka watse. Da ba don Yohanna magini ya shiga tsakani ba, mutumin nan na kudancin Zariya mai gina mana kwalbati, da tare za ku gangaro. Bayan haka Buba ya canza hanya, mu kuma muka gyara lambatun. Wannan kowa ya sani. Abin da ni da kai kaɗai muka sani shi ne babbar tsagar da ke can sama bayan dutsen nan mai kama da turmi. Tun kafin Buba ya zo ƙasar tana nan. Tun daminar da ta gabaci zuwansa muke gitta mata kara.

Sai ranar nan.

An yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, irin na tsakiyar damina wanda ba tsawa ba iska, zuba kawai. An rufe hanya ga motocin lodi, amma wa zai hana mai ƙafa? Ranar kasuwar Tsafe ce. Bayan la'asar ruwan ya ƙara ƙarfi, 'yan kasuwa masu komawa gida suka fake a gindin bangon, inda marmara ta ɗan yi rumfa. Mata da ƙore a ka, masu goyo, tsofaffi, masu jakai. Mu ma leburori muna cikinsu muna ɗigar ruwa. Mani, ƙanen Tunau abokin aikinmu, yana ƙasa cikin bakin kwalbati yana zaƙulo itatuwan da ruwa ya kawo suka toshe shi. Kai kaɗai ne a sama.

Ban san abin da ka gani ba. Daga baya na yi ta tunani: karan ne ya faɗi, ko turakun gaba ɗaya suka nutse? Ni dai na ga idon ruwa ya ɓullo a gindin bango kusa da ƙafata, ruwan ja wur kamar an yanka rago, amma ban kawo komai a raina ba.

Sai ga ka kana gangarowa bisa ɗuwawu, taɓo har gira, ba hula, dorina a hannu. Ba ka yi wa kowa bayani ba. Kana dira ka faɗa wa mutane da duka. Mai nono ce ta fara sha, ƙwaryarta ta tarwatse, nono ya malale cikin jan ruwa. Ka zabga wa wani dattijo a gadon baya har rigarsa ta tsage. Ka fizgi wata mai goyo ka cilla ta tsakiyar hanya, ta faɗi bisa gwiwoyi, ɗan yana tsala ihu. Ka tsula wa jakai a fuska, suka yi tsalle suka zubar da kaya suka bi ta kan mutane. Bakinka ba haƙora, abin da kake faɗi ba ya fita, sai kumfa da gurnani. Mata suna tsine maka, maza suna neman duwatsu. Kowa ya ce Barkono ya haukace.

Ni ma haka na ce. Na sha gabanka na riƙe hannun da ke da dorinar. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe hannunka ba sai ranar. Ka dube ni. Wallahi Baba har yanzu ban gane kallon nan ba. Sai ka saki dorinar, ka sunkuya ka ɗauki shebur, ka juya ƙotarta ka kawo mini a muƙamuƙi. Na ji ƙashin ya ce ƙas a cikin kaina. Kafin in kai ƙasa ka cafki wuyan rigata, ka ja ni kamar buhu ka ƙetare hanya da ni, ka tura ni cikin kwari da ƙafa.

Ina kwance cikin ciyawa, jini ya cika mini baki, na ɗaga kai. Gindin bangon ya zama wayam, duk ka kore su. Suna tsaye can nesa cikin ruwa suna zaginka. Kai kuma ka juya da gudu ka nufi kwalbati, don ƙugin ruwa bai bar Mani ya ji komai ba. Na ga ka dira cikin ramin. Na ga bayanka.

Mutane suna tambayata wace irin ƙara ta yi. Ba ƙara ce ta fara zuwa ba. Itatuwan saman tudun ne na ga suna tafiya a tsaye, kamar masu zuwa sallar Idi. Sa'an nan bangon ya kumbura ya fashe. Ƙasa ta buga ni daga ƙasa, haƙorana da suka rage suka haɗu. Duwatsu manya kamar rumbuna suna tsalle bisa hanya suna faɗawa kwari ta saman kaina. Wani jaki da ya tsaya, dutse ya ɗauke shi, ban ƙara ganin ko kunnensa ba. Da abin ya lafa, babu hanya, babu kwalbati, babu rumfar da muka fake. Jan tudu ne sabo yana tururi, saiwoyi a sama, rassa a ƙasa.

Zagin ya tsaya cak. Mai nonon nan ita ta fara kurma ihu.

Mun tona, Baba. Kada ka ce ba mu tona ba. Diga da shebur rabi suna ƙarƙashin ƙasa, muka tona da fartanya, da sakaina, da hannu. Dattijon da ka tsaga wa riga yana kwasar taɓo da hularsa. Matan da ka daka suka ajiye goyo suna jidar ƙasa da ƙore. Muna tonawa taɓo yana komawa. Farcena duk suka ciccire ban sani ba. Yohanna ya yaga rigarsa ya ɗaure mini haɓa da ka, ya ce in zauna, na ƙi, har na faɗi aka ja ni gefe.

Sai da hantsi washegari aka kai gare ku. Ƙafarka aka fara gani. Kana kife bisa Mani a bakin kwalbatin, hannunka ɗaya ya shiga cikin ɗamararsa, ka riga ka ɗago shi rabi. Dutse ya sauka a bayanka ya karya ka biyu. Taɓo ya cika maka baki da hanci da ido. Mani kuwa babu ko ƙwarzane a jikinsa, ruwa da laka ne suka shaƙe shi a ƙarƙashinka. Da aka zo raba ku yatsunka suka ƙi buɗewa, sai ɗamarar aka yanka. Ba a iya kai ka Nahuce ba, ba hanya, kuma jikin ba zai jira ba. A maƙabartar ƙauyen da ke gindin tudun aka rufe ku, kabari kusa da kabari.

Da ma a nan abin ya tsaya.

Ana dawowa daga maƙabarta Tunau ya tsaya tsakiyar sansaninmu na leburori, idonsa kamar garwashi. Ya ce shanun Buba ne suka kashe ƙanensa, su suka fasa lambatu ruwa ya shiga tudu. Ya ce wanda ya zubar wa Heluma haƙora shi ya ƙarasa shi. Mutanen da jiya suke kiranka Barkono, yau kowa ya zama mai ɗaukar maka fansa. Ina kwance a bukka, maɗori ya ɗaure mini muƙamuƙi da tsinke da tsumma, ko ruwa sai da kara nake zuƙa. Ina jin su. Na san ƙarya ce, na san tsagar ta girmi zuwan Buba, na san lambatun da hannuna na gyara shi. Na fito ina ɗaga hannu, ina nuna tudu, ina gurnani kamar yadda ka yi jiya. Suka ɗauka kukan maraya nake. Tunau ya dafa kaina ya ce in kwantar da raina, yau za a share mini hawaye. Suka ɗebi diga da adda da gatari suka haura.

Na bi su ina faɗuwa ina tashi. Kafin in isa hayaƙi ya riga ya tashi, ciyawar bukkokin jiƙaƙƙiya ce amma sun zuba kananzir. Matan rugar sun kwashi 'ya'ya sun faɗa daji. Shanun da ke ɗaure an sassare musu agara, suna jan gindi cikin taɓo suna kuka irin wanda ban taɓa jin dabba ta yi ba. Wata karsana hanjinta a waje tana ta ƙoƙarin tashi. Buba yana ƙasa a tsakiyarsu, sandarsa ta karye, ya dunƙule ya rufe kai da hannuwa. Suna kai masa da ƙota, da ƙafa, da dutse. Tunau ya juya diga ta wajen tsinin.

Ba ni da baki, Baba. Jiki kaɗai gare ni. Na kutsa na faɗa bisa Buba na rungume shi. Dukan bai tsaya nan take ba, wanda hannunsa ya riga ya tashi sai da ya sauke. Haƙarƙarina ya karye, ɗaurin haɓata ya kwance, ƙashin ya sake gocewa. Tunau yana jan ƙafata yana rantsuwa in ban tashi ba zai haɗa mu ya tsire. Na ƙanƙame. Ina jin numfashin Buba a wuyana, ina jin jininsa da ɗumi yana shiga rigata. Yohanna ne ya iso da mai unguwa da dattawan ƙauye, ya tsaya a kanmu ya buɗe hannuwa, yana faɗa musu da Hausarsa ta kudu cewa sai dai su fara da shi. A haka suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya.

Buba bai mutu ba, amma idonsa na dama ya tsiyaye, hannunsa kuma ya shanye. Tare aka ɗauke mu a amalanke har inda mota ke iya zuwa, aka kai mu asibitin Gusau, gadona kusa da nasa. Bai taɓa yi mini magana ba, ni ma ba ni da bakin yi masa. Wata rana dai matarsa ta kawo kindirmo, ya tura ƙwaryar wajena da ƙafa, don ya ga ba na iya tauna.

Da bakina ya buɗe aka kira ni gaban alƙali. Na faɗi maganar tsagar, na faɗi maganar turaku da kara, na faɗi wanda ya ɗaga diga. Tunau yana gidan yari yanzu, shi da waɗansu. Uwarsa ta rasa ɗa a ƙasa, ta rasa ɗa a kurkuku, in ta gan ni a kasuwa sai ta tofar da yawu. Ban ga laifinta ba. A Nahuce ma akwai masu cewa na sayar da jinin ubana saboda Bafulatani. Inna kanta ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da ka. Buba ya kwashi abin da ya rage masa ya koma wajen Wonaka. Yohanna an mai da shi aikin gada a Bungudu, yakan aiko da gaisuwa.

Kai fa, me za ka ce? Kai da ba ka ƙaunar ko jin sunan Buba? Na yi ta juya wannan. Amma na san abu guda: ba ka taɓa yi wa tudu ƙarya ba. In tsaga ce ka ce tsaga ce. Ba na jin za ka yarda a rataya wa saniya abin da ƙasa ta yi.

Duk rani muka yi muna gyara. Ba mu bar bangon a tsaye kamar da ba, mun kwantar da shi, mun yanka shi hawa-hawa kamar matakala. An gina masa gindi da dutse, an bar ƙofofi ƙanana don ruwa ya riƙa fita. An shimfiɗa wa lambatun sama dutse. Na sa an dasa ciyawar jema layi-layi a kowane hawa, saiwarta ta kama ƙasa. Rumfar nan da ake fakewa na sa an rushe irinta duk inda take, daga nan har kusa da Tsafe. Bana an yi ruwa mai yawa, tudun bai motsa ba. Motocin gyaɗa za su wuce lafiya in kaka ta yi, direbobin ba su ma san abin da ke ƙarƙashin tayarsu ba.

Fuskata ta karkace, Baba. In na yi magana bakina yakan ja gefe guda, nama kuwa na daina ci. Kullum na sunkuya alwala na ga kaina cikin ruwa, sai in ga hannunka. Dukan da ya fi kowane muni a cikin waɗanda ka yi mini, shi ne ya bar ni da rai har na ga ɗiyata. Ina zan ajiye wannan? Don na riƙe hannunka ka buge ni, ko don ka san ba zan tafi in bar ka ba sai a sume? Ko duka biyun? Kai kanka ka sani? Kuma in na gode maka saboda wannan, sauran fa, na shekara da shekaru, waɗanda ba tudun da ke shirin faɗowa? Mutane yanzu sun mai da kai waliyyi. Ni na san ba waliyyi ba ne kai. Mutum ne kai mai zafin hannu, wanda ya ji tsoron ƙasa fiye da yadda ya ji tausayin fata. Na ji tsoronka tun ina rarrafe. Ban taɓa gaya maka ba, amma duk safiyar da muka hau tudu ni da kai, kana gaba ina biye ba mai cewa uffan, ba ni da lokacin da ya fi wannan daɗi a duniya.

Saura abu ɗaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da aka jera ku za a yi muku salla, liman ya juyo ya ce duk wanda Heluma ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa, don yau ba shi da bakin roƙo. Wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Leburori suka ce sun yafe. Dattijon nan, da shatar dorina a bayansa ba ta ko bushe ba, ya ce ya yafe duniya da lahira. Matan suna daga can bayan danga suna faɗi cikin kuka. Ni kaɗai ne ban ce komai ba. Kowa ya san haɓata a ɗaure take, ba wanda ya zarge ni. Amma ni na san ko a kwance take, ranar nan ban san abin da zai fito ba.

Yau na sani. Na faɗa da bakina, karkatacce yadda yake, a gaban kabarinka da safen nan kafin in hau tudu, yanzu kuma ina rubutawa don ya zauna. Na yafe maka, Baba. Na kunnen, da na gaban mutane, da waɗanda na manta dalilinsu, duka. Na ƙarshen kuwa, wanda ya bar ni da rai, ba ya cikin abin yafewa. Kai ma ka yafe mini riƙe hannunka da na yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Mani, Ya sa ƙasar da ta danne ku a nan ta yi muku sauƙi a can. Sai mun zo.

Ni ne ɗanka,
Garba, heluman Wuyan Raƙumi